Manajoji Tara a Injin Alhaji Mamuda

An yi wani mai injin casar shinkafa, Alhaji Mamuda, wanda kuɗin obataim, wato na aikin bayan lokacin tashi, ke ci masa tuwo a ƙwarya. Da ya ji ba a biyan manaja wannan kuɗi, sai ya tara leburorinsa su tara, ya naɗa su manajoji kaf.

Barau, dattijon cikinsu, ya zama Manajan Buhuna. Ya ce, "Mun gode, ranka ya daɗe. To mene ne aikin manaja?"

"Ya sa ido, ya ba na ƙasa da shi umarni. Kuma ba ya duba agogo."

Ran Laraba bayan lokacin tashi, sai ga mota shaƙe da shinkafa, hadari kuma ya haɗo. Alhaji ya tarar da su a tsaye, hannu a baya.

"Me kuke jira? Ku sauke kayan."

Barau ya ce, "Ido muke sawa. Lebura muke jira mu ba shi umarni."

"Wane lebura? Ai duk manajoji ne ku."

"Mun duba, duk gidan nan mutum ɗaya ne ba manaja ba." Ya miƙa masa gammo. "A fara da na bayan mota, Alhaji."

Yayyafi ya soma. Alhaji ya dubi sama, ya dubi gammon.

"Na sauke ku. Ku koma leburori."

Barau ya janye hannun riga ya duba agogo. "Shida da kwata, ranka ya daɗe. Daga nan za a fara lissafi."