Kaɗanyar Gonar Su Naomi

Akwai wani malamin kimiyya a wata sakandare a Birnin Gwari, ana ce masa Malam Nu'uman. Mutum ne mai ƙwazo, wannan kam ba a musu. Sai dai in magana ba a littafi take ba, ko kallo ba ta ishe shi ba.

Shi ya kafa ƙungiyar kimiyya da kare muhalli a makarantar. Ɗalibansa suna auna ruwan sama da gwangwani, suna renon itatuwa a ledoji a bayan ɗakin gwaji, don a mayar wa daji abin da masu gawayi suka ɗebe.

A cikin 'yan ƙungiyar akwai Naomi, 'yar aji biyar. Daga wani ƙauye ta wajen Kazage suka gudo da kakarta, bayan harin da aka kashe mahaifinta. A gindin kaɗanyar gonarsa aka binne shi cikin gaggawa, tun ranar kuwa ba wanda ya sake kwana a ƙauyen.

Cikin damina, ana saura kwana uku a ba da dogon hutu, Naomi ta zo da ƙwallayen kaɗanya tara ƙulle a tsumma. Kawunta ne ya saci jiki ya shiga gonar ya tsinto mata su a gindin kaɗanyar da mahaifinta yake kwance.

"Malam, Kaka ta ce a binne su yau ko gobe. Wai ƙwallon kaɗanya ba ya jira, da ya bushe shi ke nan."

Malam ya yi murmushin nan nasa. "Naomi, nan ba dandalin tatsuniya ba ne. Iri shanya shi ake yi a adana, kamar masara. In an dawo hutu ma shuka, mu riƙa auna tsayinsu."

Ta buɗe baki, ta ga sauran ɗalibai na dariya, sai ta miƙa masa tsumman. Malam ya shanya su a rana, ya zuba a kwalba, har da liƙa takarda mai kwanan wata.

Aka dawo hutu, aka shuka. Ɗorawa ta tsiro, maɗaci ya tsiro, ledojin Naomi tara shiru. Ana cikin haka labari ya zo cewa masu gawayi sun sare kaɗanyar gonar, har kututturen sun ƙone. Yanzu ko kabarin ba mai iya nunawa.

Sai a lokacin Malam ya duba wayarsa, ya ga masana ma abin da tsohuwar ta faɗa shi suka rubuta. Ya faki ido ya tone leda ɗaya. Ƙwallon ya yi baƙi, yana matsawa ya rugurguje.

Tsoro da kunya suka hana shi faɗa wa Naomi. Kullum da safe ta tagar ofis yana hango Naomi durƙushe da buta, tana bin ledojin ɗaya bayan ɗaya. Ƙarar zubar ruwan nan ta riƙa bin sa, a aji ya ji ta, ya zo alwala ya ji ta.

Ranar da ya kasa daurewa, ya same ta a wurin.

"Naomi, ki yafe mini. Ba za su tsiro ba. Ni na kashe su."

Ba ta ɗago ba. "Na sani, Malam. Tun ranar da na gan su a rana na sani."

"To me ya sa kike ba su ruwa?"

"Ba ni da inda zan je in gaida Baba ne sai nan."

Malam Nu'uman ya dubi ledojin nan tara. Can ya durƙusa kusa da ita, ya karɓi butar, ya zuba wa sauran ledojin.

Darasi: Kada takardar da ke hannunka ta sa ka raina sanin wanda ya tsufa a cikin abin. Ka saurara kafin ka yi dariya, don akwai ɓarnar da "yi haƙuri" ba ta gyarawa. Ku tura wa malamai da iyaye, wataƙila wani ya tsaya ya ji.