Sunan Ɗan Tanimu

To jama'a, ku gyara zama. Kai mai rediyo, rage mana murya, yau akwai shari'a.

A Tungar Maje, can bakin iyaka, an yi wani likitan dabbobi, Tanimu. Shekarar da sojoji suka ƙwace mulki a ƙasar tsallake suka rufe iyaka, ciwon huhu ya faɗa wa shanu. Saniya ina ruwanta da iyaka? Tanimu ya bi garke da allurarsa, bai ankara ba ya tsallaka. Aka kama shi, wai ɗan leƙen asiri ne. Kwamandan yankin, Kanar Modu, ya ce ranar Asabar za a harbe shi. Ga matarsa da tsohon ciki, gwamnatocin biyu kuwa ko gaisuwa ba sa yi. Sai mutum uku suka ce su za su je.

Na farko Barmo direba. Babbar hanya an binne nakiyoyi. Barmo ya bi tsohon burtali yana duban kashin shanu, inda ya ga ɗanye nan yake sa taya, don inda garke ya taka jiya babu nakiya. Wallahi ko ƙwarzane ba su yi ba.

Na biyu Arɗo Gidado. Kwana biyu Kanar ya shanya su a rana, ya yage takardar roƙon da suka kawo. Arɗo ya ji an ce Kanar Babarbare ne, abokin wasan Fulani. Tsohon nan ya tako gaban bindigogi ya ɗaga murya: "Kai Modu, bawana! Haka ake barin ubangida a rana?" Sai Kanar ya fashe da dariya: "Bafillacen banza, shigo ku sha ruwa."

Na uku Alhaji Mamuda, tsohon jakada. Ya lura Kanar ya san ya yi kuskure, kunya ce ta hana shi saki. Bai ambaci laifi ba. Cewa ya yi, "Ranka ya daɗe, godiya muka zo yi, da ka ari likitanmu saboda shanunku. In ya gama musu allura, a ba mu abinmu." Kanar ya ce, "Haka aka yi." Kai, mutumin nan ya iya magana!

Tanimu ya yi wa shanunsu allura, ya iso gida ana gobe suna. Namiji aka haifa, ɗaya tak, shi kuwa ya rantse sunan wanda ya ceci ransa zai sa masa. Gari ya waye, liman na zaune, goro na cikin faifai.

To, Barmo, Gidado ko Mamuda, sunan wa za a raɗa wa yaron nan?