Randar Uwar Tabawa

"Ga ta nan, ga ta nanku, jikokina."

"Ta zo mu ji ta, Kaka."

A da can, lokacin da ba mu san bokitin roba ba, ruwan randa muke sha. Sanyinsa har cikin haƙori. Wallahi ina kewarsa.

To, akwai wata yarinya, Tabawa. Uwarta ta rasu ta bar mata randa guda. Kullum da safe uwar kan ƙwanƙwasa ta, ta ji ko da sauran ruwa. Wannan ƙarar ita ke tashin Tabawa daga barci.

Ran nan Dila ya zo aron randar, wai matarsa ta haihu za a yi suna. Ya kurɓi ruwan randar, ya lumshe ido, ya ce a ransa wannan ba ta komawa.

Bayan suna ya kawo wata. "Ga randarki, yarinya."

Tabawa ta ɗaga ta saitin rana, ta leƙa ciki. Haske ya shigo siriri kamar allura.

"Malam Dila, ta Inna ba ta da tsaga."

Ya tafi ya kawo ta biyu. Ya liƙe tsagarta da ƙaro, ya goga baƙin tukunya. Tabawa ta leƙa, ba haske. Ta ƙwanƙwasa, ta ji ɓus.

"Malam Dila, ta Inna ba ta mura."

Dila ya ƙule. Ya jera randuna a ƙofar gidansa, duk ya yaɓe su da laka. "Zaɓi ɗaya. In kin kuskure, shi ke nan."

Tabawa ta ga ido bai da aiki a nan. Ta ƙwanƙwasa ta farko, ɓus. Ta biyu, kwaf. Ta uku ta ce ƙinnn, ƙarar ta daɗe ba ta mutu ba.

Sai ta durƙusa ta rungume ta tana kuka. "Ina kwana, Inna."

Dila ya sunkuyar da kai, shi da kansa ya kai mata randar har gida.

Shi ya sa kuke ganin tsohuwa ba ta ɗaukar tukunya a kasuwa sai ta nuna wa rana cikinta, ta ƙwanƙwasa, ta kasa kunne. Ni ma in na ƙwanƙwasa, tawa uwar nake ji.

Ƙurunƙus, kan ɗan ɓera. Ku tashi ku cika mini randa.