Babur Ɗin Mansir da Injin Yankan Itace

Akwai wani mai saran itace a Tirwun, ana ce masa Mansir. Yana da ƙwazo, sai dai ba ya iya zama wuri ɗaya. Ko shayi a tsaye yake sha. Ya daɗe yana aiki da gatari, yana kallon masu inji suna gama aikinsa na mako guda kafin azahar. Abin ya hana shi sukuni.

Gab da damina, Mama Patricia ta Inkil ta kira shi. Wata tsohuwar darbejiya ta karkata kan rufin gidanta, tana so a kayar da ita kafin iska ta fara. Mansir ya ce da inji zai zo, alhali bai mallake shi ba.

Ya ji labarin Ladan dillali yana da wani na hannu, irin na manyan masu katako, kuma zai yarda a yi musaya. Abin da Mansir ya mallaka babur ne kaɗai, shi ke kai shi duk inda aiki yake.

A hanya ya biya ta rumfar Baba Elias makanike ya gaya masa, ko sauka bai yi ba.

"Ka ce ya ba ka shi ya kwana a nan," in ji Baba Elias. "Da safe mu ja igiya yana sanyi, sannan in kwance salansa, mafitar hayaƙin, in leƙa fistan. Inji in ya yi ɗumi, ko mai ciwo ne zai tashi."

"Baba, kafin gobe wani ya ɗauke."

"To ya ɗauke mana. Inji ne, ba Aljanna ba."

Mansir ya ja babur ya wuce.

A shagon Ladan, injin na ajiye yana sheƙi. Kafin a ja igiya Mansir ya ɗora hannu a kai, ya ji ɗumi.

"Wa ya tashe shi yau?"

"Rana ce, mutumina," in ji Ladan. "Kai ma taɓa goshinka ka ji."

A inuwa injin yake. Mansir ya ga haka, ya kau da kai. Ladan ya ja igiya sau ɗaya, ƙara ta cika layin.

"Ka ba ni shi ya kwana wurin makanike."

"Wani daga Miri yana hanya. In ba ka shirya ba, ba faɗa."

Mansir ya miƙa makullin babur.

Washegari a Inkil ya yi ta jan igiya har tafin hannunsa ya tashi. Da ƙyar injin ya kama. Ya ci rabin gindin darbejiya, ya yi tari, ya mutu. Ga hadari ya haɗo daga gabas, ga itace ya fara ƙara yana rinjaya wajen rufi.

Mama Patricia ta fito da katifa a ka.

"Ɗana, injin naka hutu ya tafi?"

Mansir ya ari gatari, maƙwabta suka ɗaura igiya suka ja. Darbejiya ta faɗi gefe, reshe ɗaya ya kwashe kwanon rufin kicin.

Da yamma Baba Elias ya kwance salansa, ya haska ciki. Fistan duk ya zazzane, alamar an daɗe ana zuba masa fetur zalla babu baƙin mai. A ƙasa kuma akwai tsaga, an cike ta da gam an bi da fenti.

"Zai gyaru, Baba?"

Tsohon ya daɗe yana jujjuya shi.

"Sarƙar tana da kyau."

"Sauran fa?"

"Sauran na masu awon ƙarfe ne."

Da aka koma wa Ladan kuwa, cewa ya yi Mansir ya ji kukan inji da kunnensa, babur kuma ya riga ya bar gari.

Har yau Mansir yana fita aiki da gatari a kafaɗa, a ƙasa, daga Tirwun zuwa duk inda aka kira shi. In ya dawo, a zaune yake shan shayi.

Darasi: Abin da mai shi ya hana ya kwana a duba shi, kada ka ba da abin hannunka a kansa. In kuma ka ga alamar aibi da idonka, kada ɗoki ya sa ka kau da kai. Ku tura wa duk wanda kuka san gaggawa na damunsa.