Carbin Waziri Gwadabe

Mai gidana, Allah ya jiƙansa, shi ne mai karanta tsofaffin littattafai. Ni karatuna bai yi nisa ba, abin da ya faɗa mini kawai na riƙe.

An ce a Birnin Tsamiya wani falke mai suna Mamuda ya kawo wa Sarki Zubairu carbi biyu na koren dutse. Sarki ya riƙe ɗaya, ya ba Waziri Gwadabe ɗayan, domin shi ne kullum yake cewa bakinsa ba ya hutawa da tasbihi.

Da shekara ta kewayo, 'ya'yan carbin Sarki sun zaizaye sun koma kamar gero, yatsunsa kullum cikin koren gari. Waziri ya ce, "Ranka ya daɗe, ha'inci ne. Dubi nawa, sumul. Jabu ya ba ka. A sare kansa!"

Aka kawo Mamuda. Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, a bar ni in ba da labari kafin hauni mai sare kai ya matso. Kakana ya taɓa haƙa rijiya a gindin tsauni, ya tarar da dutse falle-falle kamar an jera ganye. Masana suka ce laka ce a da, nauyin tsauni da zafin ƙasa suka toya ta. A tsakanin fallayen nan koren dutsen yake. Kakana ya ɗauka dutsen nan mai tsada ne, zumurrudu, har ya yi wa kakata alkawarin bene. Ta sa farce ta karce shi, ya yi zane. Ta ce, 'Malam, koma rijiyarka.' Laushi gare shi, ranka ya daɗe, yatsa ma yana cinye shi."

Sarki ya ce, "To, na Waziri fa?"

Mamuda ya karɓi carbin Waziri, ya karce ƙwaya ɗaya. Zane ya fito ɓaro-ɓaro. Ya ce, "Dutse ɗaya ne. Jan carbin ne ya bambanta su."

Waziri ya ce, "Ni a zuci nake yi."

Sarki ya yi dariya har rawaninsa ya karkace. Ya ba Mamuda riga da doki, ya umarci Waziri ya zauna a zaure yana jan carbi sai ya zaizaye kamar na Sarkin.

Mai gidana yakan rufe da cewa abin da ake aiki da shi, jikinsa yana nunawa. Bayan na fita takaba na laluba aljihun rigarsa, na ciro carbinsa sabo fil, ko zaren bai yi dauɗa ba. Na yi kuka, na yi dariya. Yanzu ni nake jan sa, ladan kuma nasa ne.