Rogon Biri Mai Ganye Ba Saiwa

Ga ta nan, ga ta nanku, masu kunne.

Ta zo mu ji ta, in ta ƙwarai ce.

Wata shekara ciwo ya cinye rogon dabbobi kaf, sai ɗan yanki guda ya tsira. Biri ya bugi ƙirji ya ce, "Ku ba ni shi. Ni da kuke gani, ko muciya na sa a kwalba sai ta yi 'ya'ya."

Aka ba shi, ya sa shi a kwalba. Ya tafi wurin Iya Kunkuru mai magani, ta miƙo masa ruwa iri biyu. Ta ce, "Wannan shi ke kiran saiwa, wannan shi ke kiran toho. Kowanne ka ɗiga masa rabonsa."

Biri ya ce, "Haba Iya, wa ke ganin saiwa? Abin da ke cikin ƙasa ai ba ya jawo tafi." Ya zubar da na saiwa, ya tuttula na toho.

Ganye kuwa ya cika kwalba, Biri har tafiyarsa ta sake.

Ranar dashe kowa ya hallara. Biri ya zaro rogo, ya kafa a ƙasa, ya ja da baya yana jiran kirari. Akuya ta yi atishawa, rogo ya kwanta.

Kura ta ɗaga shi ta leƙa gindinsa. Ta ce, "Malam Biri, rawani ka naɗa masa, ka bar shi ba wando?"

Akuya ta ce, "Tunda ganye ne zalla, ai nawa ne." Ta lamushe.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera. Mai musu ya tambayi Akuya, ita kaɗai ta ƙoshi a shekarar.