Rantsuwar Mai Jar Mota

An yi wani mutum mai kantin kayan wuta, mai rufin asiri, da matarsa da 'ya'ya mata ƙanana. Ba ya shaye-shaye, ba ya cin haƙƙin kowa a ciniki. Abu ɗaya ne ya shiga ransa: tseren mota.

Yana da wata tsohuwar motar tsere ja, mai ƙofa biyu. Ran hutu sukan haɗu da abokansa a wani tsohon filin jirgi da aka daina amfani da shi, su jera tayoyi a matsayin kwana, su yi ta gudu. Babu kyautar kirki a ciki, sai tafi da kirari. Abokan suna kiran motar Gwaggo saboda tsufanta, shi kuma suna ce masa Mai Ja.

Wata rana ya kauce hanya ya daki tarin tayoyi, goshinsa ya tsage. A asibiti mahaifiyarsa ta zauna bakin gadon tana kallon ɗinkin, ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Ɗana, ka bar min wannan abin. Ni ce zan binne ka, ko kai ne za ka binne ni?"

Ya riƙe hannunta ya ce, "Wallahi Umma, ranar da motar nan ta mutu na bar tsere. Ba zan sayi wata ba."

Tsohuwa ba ta san mota ba. Ta dai ga fentin ya koɗe, ta ji yadda take tari kafin ta tashi, sai ta ɗauka saura kaɗan. Ta yarda, har ta sa masa albarka.

Ya 'yan uwa, shi ya san abin da ita ba ta sani ba. Ya san mota ba ta mutuwa muddin mai ita bai bar ta ta mutu ba.

Inji ya gaji, ya sa wani. Giyar motar ta lalace, ya canza. Ƙofa, kujera, birki, sitiyari, duk ya sauya su ɗaya bayan ɗaya. Abu ɗaya ya bari: ƙashin motar, wato ƙarfen ƙasa da komai ke zaune a kansa. Muddin wannan yana nan, yana iya cewa motar ce dai ta da.

Duk sanda ya je gaida mahaifiyarsa takan tambaya, "Yaya jikin Gwaggon taka? Har yanzu da sauranta?"

Ya yi dariya ya ce, "Tana nan da ranta, Umma. Ku tsofaffi akwai ƙarko."

Shekaru suka yi ta wucewa a haka. A cikin abokansa har yakan bugi ƙirji ya ce shi bai taɓa saɓa wa mahaifiyarsa ba. Shin ƙarya yake yi? A baki, a'a. A zuci fa?

Sai abokan suka fara sayen sababbin motoci, suna wuce shi kamar yana tsaye. Ya nemo inji mafi girma ya kai gareji a ɗora masa. Bakanikensa, wani dattijo da ya daɗe yana yi masa aiki, ya shiga ƙarƙashin motar da tocila. Ya jima bai fito ba. Da ya fito sai ya buɗe tafin hannunsa, ga garin tsatsa ja a ciki.

Ya ce, "Maigida, wannan ƙarfen motarka ne, da yatsa na kankaro shi. Ƙashin ya tsage ta wurin da na yi walda bara, ya kuma tsage ta gefensa. Babu sauran lafiyayyen wurin da walda za ta kama. Ka sayi wata, ai kana da hali."

"Ba zan iya sayen wata ba."

"To ka bar gudun. Ni dai hannuna ba zai ɗora wannan injin a kan wannan ƙarfen ba."

Ku duba, hanya uku ce a gabansa. Ya bar tsere, ya cika alkawari, uwarsa ta yi barci. Ko ya je ya durƙusa gabanta ya ce ya kasa, ya nemi yafiya, ya yi kaffarar rantsuwarsa, ya shiga motar da aƙalla ƙarfenta lafiyayye ne. Wannan ma da kunya, amma da gaskiya a ciki. Ko kuma ya sake liƙe ruɓaɓɓen ƙarfe, ya ci gaba da gudu, ya ci gaba da amsa sunan ɗa mai biyayya.

Ya kwana biyu yana juya maganar. Har ya je ya ga wata sabuwar mota fara da aka sa a kasuwa, ya zauna a ciki, ya shafa sitiyarin, ya fito. Matarsa ta ce, "Baban yara, ka je ka gaya wa Umma gaskiya mana." Ya ce mata, "Ke ba ki san mota ba."

Ya ja Gwaggo zuwa wurin wani mai waldar ƙofofi da tagogi, wanda ba ya tambaya. Aka liƙa faci, aka shafe da baƙin fenti, aka ɗora injin. Da ya leƙa ƙasa bai ga tsaga ba, sai hankalinsa ya kwanta, kamar ba shi ya sa a rufe ta ba.

Ran tseren ya wuce su duka a miƙaƙƙiyar hanya. Ana ta tafi. A kwanar ƙarshe ya taka birki ya murza sitiyari, ƙarfen ya buɗe daidai kan facin. Tayar gaba ta shige ƙarƙashi, motar ta tashi sama ta yi ta juyawa. Da ta tsaya, ta murɗe, gabanta da bayanta ba su kan layi ɗaya.

Bai mutu ba. Ƙashin bayansa ne ya karye. Daga ƙugu zuwa ƙasa ba ya jin komai.

Kantin ya rufe. Matarsa ta kama aiki don yara su ci, tana fita da safe. Wa ya rage a gida? Tsohuwar nan mai ciwon gwiwa, wadda ya kamata a ce ita ake ɗagawa. Ita ke juya shi kada bayansa ya yi gyambo. Ita ke canza masa shimfiɗa, kamar yadda ta yi yana jariri. Tun ranar ba ta sake tambayarsa motar ba.

Shi ne wata safiya, tana goge masa wuya da tsumma, ya ce, "Umma, motar ta mutu."

Ta matse tsumman a roba ta ce, "Na sani. Ɗaga hannunka in sa maka riga."

Ya 'yan uwa, ya cika rantsuwarsa. Bai sayi wata ba, ya kuma bar tsere. Amma wannan ne abin da uwarsa ta roƙa?

Zunubinsa ba mota ba ce. Ya san abin da zuciyar mahaifiyarsa take nufi, ya riƙe lafazin ya yar da nufin. Ya yi rantsuwa da sunan Allah, sannan ya zauna yana yi wa rantsuwar dabara, kamar Wanda ya rantse da Shi ba ya ganin abin da ke ƙarƙashin fenti.

Mu fa? Alkawari nawa muka ɗauka da "sai na gama wannan", muna sane ba za mu bari ya ƙare ba? Wa yake zaune yana jiranmu, ya yarda da mu don bai san abin da muka sani ba? Wanda ya kasa cika alkawari ya faɗa da bakinsa, ya nemi gafara tun yana tsaye da ƙafafunsa.

Allah ya raba mu da yi wa iyayenmu wayo. Allah ya ba mu ikon cika abin da muka ɗauka yadda aka fahimce shi. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye zuriyarmu. Amin.